Akwatin Lemu a Bakin Ƙofa

Ran Talata Benedita ta dawo ba ta ce uffan ba,
ta yar da jaka, ta shige ɗaki, ta ja ƙofa.
'Yan ajinsu sun tafi kallon jiragen ruwa a Matosinhos,
ita kaɗai aka bari da malamin lissafi
da ƙarar ruwan sama a taga,
don takardar izini ba ta koma makaranta ba.
Da dare na tsince ta ƙarƙashin kwandon burodi,
da tabon man zaitun daidai inda zan sa hannu.

Ni da nake tuƙa tarago a titunan Porto,
shekara sha ɗaya ban tsallake tasha ba,
yau ga 'yar takarda ta tsallake ni a gidana.

Ondina tana asibiti, aikin dare.
A bakin ƙofa muke haɗuwa kamar masu canjin gadi,
ita da barci a ido, ni da makulli a hannu.
"An biya kuɗin wuta?"
"Ai na ɗauka ke kika biya."
Ba faɗa muke ba, gajiya ce ke magana.
Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ran Asabar na roƙi akwatin lemu wajen Abílio mai kanti.
Na kankare shi da samfefa har ya daina cizon yatsa,
na raba cikinsa uku da falanki,
na kafa shi a bango, tsakanin madubi da maratayar laima.
Gurbin farko na rubuta YAU,
na biyu JIRA,
na uku AJIYA, bakinsa ya ɗan karkace, na bar shi haka.
Biro kuwa na ɗaure shi da zare,
don biron gidan nan ƙafafu gare shi.

Sannan na juye tulin a tebur.
Wasiƙar mai gida kan ƙarin haya.
Katin rigakafin Tomé, wanda muka nema har cikin firji.
Rasit na injin wankin da ya mutu tun bara.
Haraji, inshora, tallan kujeru, tallan kujeru, tallan kujeru.
Tomé ya kwashe tallan ya naɗa kwale-kwale,
ya cika bahon wanka da rangwamen kashi talatin.
Awa uku ina zaune, shayina ya yi sanyi,
sai ga fuskar teburin ta bayyana,
ashe akwai ƙonon tukunya a gefensa, na manta.

Doka ɗaya na kafa:
duk takardar da ta shigo gidan nan
ta tsaya ta gaida akwati kafin ta cire takalmi.

Ba zan yi ƙarya ba, a mako na biyu
JIRA ya yi tumbi kamar ya ci biki.
Ondina ta liƙa masa 'yar rubutacciya:
"Jiran wa?"
Na yi dariya ni kaɗai ƙarfe biyar na asuba,
na biya biyu daga ciki a tsaye, da hula a kaina.

Daren Alhamis na dawo a jiƙe,
gida shiru, fitilar zaure kaɗai ke jirana.
Na zura hannu cikin YAU.
Kuɗin ruwa.
Bayansa, wani fallen littafin makaranta, an yage shi a hankali:

"Ni, Duarte, mahaifin Benedita,
na yarda zan kai ta kallon jiragen ruwa ran Lahadi
ko ana ruwa ko ba a yi."

Ta ja layi da rula, miƙaƙƙe.
A ƙasa Tomé ya zana kifi mai ƙafa huɗu, a matsayin shaida.

Na jawo biron har iyakar zarensa,
na goge jiƙaƙƙen hannuna a wando
kada in sake ɓata wurin.